Gidan Iyali a Sababbin Unguwannin Kano: Ina Zaure Ya Tafi?

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba irin gidan da ma'aikaci ko ɗan kasuwa kan gina wa iyalinsa a sababbin unguwannin da suka kewaye birnin Kano, irin su Sharaɗa da Hotoro da Rijiyar Zaki da Janbulo da Na'ibawa da Ɗanbare, sa'an nan mu duba irin zaman da wannan gida ya haifar tsakanin maƙwabta. Da gangan muka kauce wa kiran waɗannan wurare "bayan gari", domin kuwa kowane Bahaushe ya san abin da ake zuwa yi a bayan gari. Haka kuma ba mu kira su "Waje" ba, don a bakin Bakano wannan suna ya riga ya zauna a kan Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da maƙwabtansu.

Abin da muke so mu nuna shi ne, gidan sabuwar unguwa ba tsohon gidan Bahaushe ba ne da aka sake wa tufafi, aka cire tubali aka sa bulo. Wani gida ne dabam, mai asali dabam, wanda aka tsara shi don wani irin iyali da ba namu ba. Babbar shaidar haka ita ce ɓacewar zaure daga cikin tsarinsa, alhali ayyukan da zaure ke yi ba su ɓace ba.

Asalin wannan gida

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, amma ba su zauna cikin ganuwa ba. Sai suka kafa mazauninsu a gabas da birni, a Nasarawa da Bompai. Gidan da suka gina wa kansu a can sun zo da samfurinsa ne daga Indiya, daga ƙasar Bengal, inda ma'aikatansu suka daɗe da sabawa da shi: gini guda a tsakiyar fili mai faɗi, da baranda, da tagogi masu kallon waje ta kowace fuska, da ɗakunan barori can a baya, wato abin da muke kira baskwata. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tabbatar da cewa a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa. Hujjar da aka bayar ita ce ta lafiya, don tun 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, aka kuma ɗauka cewa nisan zai kare Bature. Ko mene ne dalilin, abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne, babban mutum nesa da jama'a yake zama, a tsakiyar filinsa.

Da 'yancin kai ya zo a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji waɗannan gidaje tare da kujerun ofis. Daga nan gidan ya zama alamar ci gaba. Sauran abubuwan da suka biyo baya sanannu ne, ba sai mun tsaya a kansu ba: ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da buƙatar gidajen ma'aikatanta a zamanin Audu Bako, kuɗin man fetur daga 1973, ƙarin albashin Udoji da aka biya a farkon 1975, da fara harhaɗa motar Peugeot a Kaduna a wannan shekara. Mota kuwa ita ce uwar sabuwar unguwa, don wanda ba shi da abin hawa ba ya iya kwana mil biyar daga wurin aikinsa da kasuwarsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta mai da takardar shaidar mallaka abin nema. Gwamnatin Shehu Shagari ta 1979 zuwa 1983 ta gina ƙananan gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, su ma a kan wannan samfuri, sai dai an tsuke shi. A tsakanin 2011 da 2015 Gwamnatin Kano ta gina rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, har ila yau gini a tsakiya, fili a kewaye.

Gidan da aka juya cikinsa waje

Domin a fahimci abin da ya sauya, tilas mu tuna da tsarin gidan cikin birni, ko da yake yawancin mahalarta wannan taro a cikinsa suka tashi. Katangarsa a bakin hanya take, ba ta da taga mai leƙa waje sai 'yar ƙarama can sama. Ƙofa ɗaya ce, ita ce ta zaure, wanda Kanawa suka fi kira soro. Daga zaure sai a faɗa wani ɗan fili inda ɗakunan samari da na baƙi suke, daga nan sai shigifa, daga shigifa sai tsakar gida. Magina kan goce da ƙofofin nan, kada su yi saiti da juna, don haka wanda ke tsaye a titi ba ya hango komai. Ɗakunan mata da turakar maigida da madafa duk tsakar gida suke kallo. Abin nufi a nan shi ne, sararin gidan a ciki yake, gini ne ya kewaye shi. Nan ake daka da tankaɗe da wanki da shanya da kitso, nan ake kwana idan zafin bazara ya tsananta, mace kuma tana yin dukkan wannan ba lulluɓi, tana ganin sama, ba mai ganinta.

Gidan sabuwar unguwa kishiyar wannan ne. Gini ne dunƙule a tsakiya, sarari ya kewaye shi. A gidan Bature na Nasarawa wannan sarari lambu ne mai itatuwa. Amma da aka ɗauko samfurin aka dasa shi a kan fuloti mai ƙafa 100 a tsawo da 50 a faɗi, ko ma rabin haka, sai sararin ya koma wasu siraran lunguna biyu a gefe, da wurin ajiye mota a gaba, da ɗan tsukin wuri a baya inda aka kafa tankin ruwa da janareto. Tagogin da aka yi don su kalli lambu sai suka koma kallon katanga, katangar kuma kullum ƙara mata tsawo ake yi, a ɗora mata fasassun kwalabe ko waya mai ƙaya. Matar gida ta rasa tsakar gida, ba ta kuma samu lambu ba. Sai ka iske ta ja turmi da murhun gawayi zuwa lungun baya, kusa da ramin masai, tana aiki a wurin da mai zanen gidan bai taɓa nufin mutum ya zauna ba, alhali ga kicin can ciki mai tayil wanda ba ya ɗaukar tukunyar tuwon mutum goma sha biyar.

Akwai kuma batun zafi. Bangon ƙasa mai kauri, da rufin azara da aka daɓe, yakan sha zafin rana a hankali, ba ya sako shi ciki sai dare ya yi, lokacin da mutane suka riga suka fito tsakar gida da tabarmi. Bulo mai inci 6 ko 9, ga rami a cikinsa, ga rufin kwano a sama, ba ya da wannan haƙuri. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, irin wannan ɗaki ba ya zaunuwa sai da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, wato gidan ya dogara ga wutar lantarki ko da ba a samunta. Ba muna cewa a koma wa ginin ƙasa ido rufe ba. Wanda ya taɓa kwana yana tarar yoyo a watan Agusta, ko ya biya kuɗin yaɓe da gyaran indararo kowace shekara, ya san dalilin da ya sa mutane suka rungumi siminti da kwano, kuma dalili ne mai ƙarfi. Amma sauya kayan gini dabam, sauya tsari dabam. Ana iya gina zaure da shigifa da tsakar gida da bulo, kuma a cikin birni an yi hakan ba adadi.

To, yanzu sai zaure. Zaure ba na cikin gida ba ne ɗungum, ba kuma na titi ba ne. Wuri ne da gida da unguwa suka yi tarayya a kansa. Nan baƙo ke tsayawa ya yi sallama, nan maigida ke karɓar gaisuwa da ƙara da sasanci. Nan malam ke ba da karatu, maɗinki ko baduku ke sana'arsa, almajiri ko matafiyi ke samun wurin kwana. Nan ake ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki. Nan saurayi ke tsayawa zance, a wurin da ba a ɓoye yake ba, ba kuma a bainar jama'a ba. Da magariba magidanta kan fito da akusansu ƙofar zaure ɗaya a yi ciyayya, wanda bai ɗora tukunya ba a ranar ya ci ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Dakalin ƙofar gida kuma kujera ce ta kowa.

A sabon gida an maye gurbin duk wannan da ƙyauren ƙarfe, wato get. Get kuwa abu biyu kaɗai ya sani, a buɗe ko a rufe. Baƙo ko dai ya tsaya a rana yana bugun ƙarfe, ko kuma a shigar da shi falo. Falo kuma a tsakiyar gini yake, shi ne mahaɗar ɗakuna, nan talabijin take, nan mata da yara ke zama. Saboda haka shigowar baƙo namiji guda ɗaya kan tashi gida duka: uwargida ta kwashi 'ya'yanta ta shige ɗaki, ba ta da hanyar zuwa kicin sai ta gabansa. Maigida ya san haka, baƙo ma ya sani, don haka sai ziyarar ta taƙaita, daga baya ta koma ta waya.

Abin sha'awa ga mai nazarin al'ada shi ne yadda mutane suka yi ta neman zaurensu a cikin gidan da ba shi da shi. Mai hali yakan sa a yi masa falo biyu, ɗaya na iyali, ɗaya nasa mai ƙofa ta waje, wanda in an duba da kyau zaure ne aka sa masa kujerun kushin. Wani ya fitar da mota ya shimfiɗa darduma a gareji. Wani ya ajiye benci a bakin get, ya zauna tare da maigadi. Wani ya yanki kusurwar fulotinsa ya gina ɗan masallaci mai ƙofa a titi, ya zama nan ne ake ganinsa bayan sallar asuba da ta isha'i. In suna ko rasuwa ta samu, sai a yi hayar rumfa da kujerun roba a tare titi. In biki ne, a kama ɗakin taro da kuɗi. Duk waɗannan, a ganinmu, zaure ne ya tarwatse, kowane aiki nasa ya nemi mafaka a wani wuri, kuma kusan kowanne sai da kuɗi, alhali da kyauta ne.

Unguwar da ke kewaye da shi

Sunayen unguwannin cikin birni da yawa suna faɗin abin da ya tara mutanensu: Soron Ɗinki da Dukawa sana'a ce, Zangon Barebari da Tudun Nufawa asali ne. A irin wannan unguwa attajiri da malami da ɗan dako katangarsu ɗaya, galibi ma akwai auratayya a tsakani. Sabuwar unguwa kuwa farashin fuloti ne ya tara mutanenta. Wanda ke dama da kai ba ɗan'uwanka ba ne, ba abokin sana'arka ba ne, mutum ne da aljihunsa ya yi daidai da naka a shekarar da kuka sayi fili.

Sababbin unguwannin iri biyu ne. Akwai waɗanda hukuma ta yanka, da tituna masu faɗi da lambobin fuloti. Akwai kuma na awon igiya, inda manomi kan sayar da gonarsa ga dillali, dillali ya yayyanka ta yadda za ta fi ba shi riba. A nan hanya takan tsuke har mota biyu ba sa wuce juna, ba a ware wurin makaranta ko asibiti ko maƙabarta, ba a kuma tambayi inda ruwan sama ya saba bi ba sai ranar da ya shigo ɗaki. Ƙasar da ke kewaye da Kano kuwa tana cikin gonakin da aka fi nomawa a kai a kai a duk ƙasar Hausa, waɗanda jakuna suka daɗe suna kai musu takin birni suna komowa da itace da hatsi. Kowane sabon layi gona ce ta tafi.

A iri biyun duka, gini kan riga hukuma isa. Kano ta samu ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, amma bututu bai bi gari duk inda ya nufa ba. Don haka kowane gida sai ya zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta: ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kafa tanki, ya sayi janareto ko farantan hasken rana, ya haƙa ramin masai, ya ɗauki maigadi. Wanda ba shi da hali ya jira 'yan ga-ruwa da kurarsu. A kan ƙananan fulotai, rijiyar wannan gida ba ta da nisa da masan wancan, kuma wannan magana ce da ya kamata masana kiwon lafiya su ɗauka da muhimmanci. Sai dai a nan ma akwai abin lura. Sau da yawa mai burtsatse yakan fito da kan famfo ɗaya ta jikin katanga don maƙwabta su ɗiba sadaka. Wannan famfo, da masallacin layi, da kwamitin da ke tara kuɗin 'yan sintiri da na gyaran taransifoma, su ne sababbin igiyoyin da ke ɗaure unguwa. Ba za mu raina su ba, amma yawancinsu na maza ne, kuma matsala ce ke haɗa su, ba zaman yau da kullum ba.

Mata da yara su ne suka fi jin sauyin. Polly Hill a Batagarawa, da Enid Schildkrout a cikin birnin Kano a shekarun 1970, sun nuna yadda matan kulle ke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin ɗakunansu, yara kuma su ne ƙafafunsu, don yaro na shiga kowane gida ba shamaki. Wannan ciniki na ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula yana buƙatar gidaje kusa da juna da ƙofofi a buɗe. A layin da kowane gida ke bayan get, ba mai jin tallar yarinya, ba kuma mai aiko yaro sayen daddawa. Gaskiya ne wayar hannu ta buɗe wa matan sababbin unguwanni wata kasuwa, ana tallata atamfa da turare ta WhatsApp, ɗan Adaidaita Sahu ya kai kaya. Amma wannan kasuwar mai jari ce da ilmin boko. Yaro kuma, wanda a da unguwa duka ke tarbiyyarsa, kowane babba na iya tsawata masa, yanzu daga get sai mota, daga mota sai makaranta. Mu da aikinmu shi ne horar da malaman makaranta, muna ganin an ɗora wa malamin firamare kayan da dandali da zaure da maƙwabta suka saba raba wa junansu.

Iyali, gado da doka

Friedrich Schwerdtfeger, a littafinsa na 1982 kan gidajen gargajiya a Zariya da Ibadan da Marrakesh, ya nuna yadda gidan Bazazzagi ke girma yana raguwa tare da iyalin da ke cikinsa. Ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe. An ƙaro mata, a ƙara ɗaki. Tsohuwa ta rasu, ɗakinta ya rushe, ƙasarsa ta koma tubalin wani ɗakin. Gidan sabuwar unguwa kuwa an zana shi ne a gama, don miji ɗaya da mata ɗaya da 'ya'ya kaɗan, rufinsa ɗaya, falonsa ɗaya, kicin ɗinsa ɗaya. Ran da maigida ya ƙara aure, ko mahaifiyarsa ta dawo hannunsa, sai a rasa yadda za a yi adalci a cikin ɗaki uku da babbansu ɗaya ne tak mai banɗaki a ciki. Sai a cinye ɗan filin da ya rage da ƙarin gini, ko a tayar da bene. Bene kuwa yana da tasa fitinar, don tagarsa kan leƙa gidan maƙwabci, abin da malaman Malikiyya suka daɗe da hanawa, kamar yadda Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara a littafinsa na hukunce-hukuncen gini.

Wajen gado ma haka ne. Gidan birni yana rabuwa, a ja katanga, a fasa sabuwar ƙofa, kowane magaji ya zauna a rabonsa, shi ya sa ake samun zuriya ɗaya a wuri ɗaya shekara da shekaru. Gida mai falo ɗaya ba ya rabuwa tsakanin magada goma. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sayar a raba kuɗi, iyali su watse, baƙo ya shigo. Unguwar da gidajenta ke sauya hannu a duk lokacin da maigida ya rasu, da wuya ta yi dattawan da suka san kakan kowa.

Ba son zuciyar masu gida kaɗai ya kawo wannan tsari ba. Ƙa'idojin gini da muka gada, tun daga dokar tsara birane ta 1946 wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, suna neman a janye gini daga bakin titi da kuma iyakar maƙwabci kafin a amince da zane. Hujjarsu ita ce iska da haske da hana gobara tsallakawa, kuma hujja ce da ba a yar da ita. Amma tsakar gida ma tana ba da iska da haske. A ɗauki misalin gini mai tsawon ƙafa 60 da aka bar masa ƙafa 5 a kowane gefe. Lungunan nan biyu sun cinye murabba'in ƙafa 600, ba a shanya a cikinsu, ba a zama. Da an yarda mai gida ya jingina ɗakunansa da iyaka, da bango mai kauri marar taga, ya tara wannan fili wuri ɗaya a tsakiya, da ya samu tsakar gida mai ƙafa 30 a tsawo da 20 a faɗi, a kan fulotin nan dai, ba tare da ya ƙara sayen ko taku ɗaya ba. In kuma aka yarda ɗaki guda ya zo har bakin titi, da ƙofarsa a waje, a gefen get ɗin mota, to zaure ya dawo.